Ranar da Na Yaɓe Fuskar Ɗan Farina da Laka

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ko na so akwai masu tuna mini: ƙanwata Hajo, surukata Rabi, Malam Isa mai kayan miya, da rabin mutanen kasuwar Mafara.

Daga Ruwan Gizo munka taso, ni da Hajo da Rabi. Muna sauka daga mota na ɗaga kai, sai ga fuskar ɗan farina a bangon wani sito, ta fi ƙofar zaure girma, har da tabon goshinsa. Akwai rubutu a ƙasa, ni kuwa ban yi boko ba. Abin da na sani, mutum biyu ake sa fuskarsu a bango: mai neman ƙuri'a, da wanda hukuma ke nema. Yaron nan ko mai unguwa bai taɓa nema ba. Ga shi kwana uku bai kwana gida ba, wai yana fadama.

Ban yi shawara da kowa ba (a gidanmu ni ake tambaya). Na fizge kwanon Hajo, na ɗebo laka a bakin famfo, na hau bencin Malam Isa na shiga yaɓe, don kada a gane shi. Iyakar hanci hannuna ya kai.

"Inna, lafiya?" in ji Malam Isa.

"Bala ba ɓarawo ba ne! Ni na haife shi!"

Shekara arba'in ban taɓa faɗin sunansa ba don kunyar ɗan fari, sai ga ni na kwarmata shi tsakiyar kasuwa.

Rabi ta kama gefen mayafina. "Inna, don Allah sauko. Cewa anka yi shi ya fi kowa noman shinkafa bana. Ƙungiyar manoma ta sa anka zana shi."

"Kin sani kinka yi shiru?"

"Shi ya hana. Kunyarki yake ji."

Hajo ta ce, "Yaya, ƙarasa mana, kin bar mashi idanu waje."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Na sauko, laka har gwiwar hannu, ina ta hamdala. Su yi ta dariya, ɗana dai ba a nemansa.

Washegari da sassafe na koma da bokiti da soso na wanke shi tas. Na tsaya na kalle shi son raina, abin da ban taɓa yi wa mai fuskar ba. Yanzu in na ga rubutu, mai karatu nake fara nema kafin laka.