Yaƙin Alhaji Gwadabe da Hasumiyar Zamani

Wannan shi ne tarihin Alhaji Gwadabe ɗan Barau, jikan Tanko Mai-Jaki, tattaɓa-kunnen wanda ya taɓa hango jirgin ƙasa daga kan tudu. Toron giwar Layin Maƙera, ginshiƙin majalisar ƙofar masallaci, wanda tun da matarsa Hajiya ta riga mu gidan gaskiya ba a sake samun mai ce masa "zauna" ba.

Asalin fitinar kuwa, Malam Sallau, abokin hamayyarsa, ya faɗa a bainar jama'a cewa Gwadabe bai taɓa ganin abin da ya fi rumbu tsawo ba. A zamanin ana ta zancen wata Hasumiyar Zamani da wani gwanin ƙira ya tsayar a babban birni, wadda har Turawa ke tsallako teku don kallonta. Sadauki ya miƙe, ya rantse ba zai ƙara zama a tabarmar majalisa ba sai da hotonsa a gindinta.

"Ko ni ko ita!"

Ya zuba babbar riga, ya ɗauki buta, ya hau motar haya, ya jure zafi da ƙishirwa da wata akuya da ta yi ta cin gefen rigarsa, juriyar da marubuta suka yi sakacin rubutawa.

A filin daga ya tarar da tulin ƙarafa a murɗe, tsofaffin kekuna da murafen tukwane, sun yi sama kamar guguwa ta ratsa kasuwar 'yan gwangwan. Ya yi tsaki, ya la'anci hukumar da ta bar bola kusa da abin alfahari. Sannan ya rataye rigarsa a jikin wani ƙarfe, ya tsuguna a gindin tulin ya yi alwala. Turawa suka yi ta ɗaukarsa hoto, shi kuma yana ɗaga musu hannu, don ya san girma ba ya ɓuya.

Mai gadi ya sheƙo a guje. "Baba! Ba a taɓawa!"

"Ɗana, bar gadin bola. Zo ka ɗauke ni a gindin hasumiya."

Ya nuna tsallaken titi, inda wani dogon ƙarfe fari da ja ya tokare sama, miƙe sambal, da fitila a kansa. Mai gadi ya buɗe baki, ya dubi furfura, ya tuna tarbiyyar gidansu, ya karɓi wayar Alhaji ya ɗauke shi.

Ranar da gwarzo ya komo, majalisa ta cika maƙil. Waya ta zaga hannu-hannu, ana kabbara, har ta iso ga Sallau. Ya daɗe yana dubawa.

"Alhaji, ai ƙarfen sabis ɗin waya ne. Ga ƙaninsa can bayan masallaci."

Jama'a suka waiwaya. Yana nan, har da fitilarsa.

Liman ya ce kaffara ta wadatar. Gwadabe ya ce zuriyar Mai-Jaki ba ta janye magana. Har yau, bayan la'asar, yakan zo da 'yar kujerarsa ya ajiye dab da tabarma, ya zauna ya ba masallaci da ƙarfen da ke bayansa baya.