Maɓalli Uku

"Kwana arba'in kacal nake so," in ji Serikbay, yana shafa tumbi. "Ranar bikin 'yata Marjan, da kwat ɗin da na yi angwanci zan shiga, kuma maɓallanta uku duk a rufe."

A gaban iyayen angon 'yarsa ya yi wannan cika baki, a falonsa na birnin Almaty, don haka babu janyewa. Kai da ba ka san Serikbay ba, tsohon shugaban gareji ne, kilo ɗari da huɗu, kuma tun da ya yi ritaya ya naɗa kansa likitan unguwa. A waya ya karanta cewa kofi ɗaya na jar giyar inabi da yamma yana narkar da kitse. Layin farko kawai ya karanta. Sauran, in ji shi, surutun 'yan bincike ne.

Matarsa Sholpan ta ce to.

Yammar farko gogan naka ya cika kofi, ya ɗaga, sai ya tsaya. A wajenmu mashayi ne kaɗai ke sha shi ɗaya, shi kuwa magani yake sha. Ya ƙwanƙwasa wa maƙwabcinsa Amantay bango. Amantay tsohon malamin lissafi ne, siriri kamar tsinke, tun rasuwar matarsa shayi da burodi ke riƙe da shi.

To baƙo ya shigo, wa ya isa ya bar tebur fayau? Sholpan ta jera baursak, fankenmu na gargajiya, da cuku, naman doki mai kitse, ta ɗora tiren beshbarmak, dafaffen nama a kan taliya, a tsakiya. Ba a kurɓa sai an yi fatan alheri, ba a kuma kurɓa a bar baki haka nan, sai an bi da loma. Aka yi wa amarya fata, aka yi wa ango, aka gangara kan kakanni bakwai ɗaya bayan ɗaya.

"Seke, kofi ɗaya fa ka ce," in ji Amantay, don haka yake kiran Serikbay.

"Kofi ɗaya ne mana. Ka ga na canza shi?"

Haka kullum. A kwana na ashirin sikeli ya nuna ɗari da takwas. Babban likitan unguwa ya yi bayani cewa kitse sai ya kumbura kafin ya narke, ya ninka magani, ya kori sikelin zuwa baranda.

Da safiyar biki hannu ɗaya ya shiga kwat, ɗayan ya maƙale a gwiwar hannu. Tsakanin maɓalli da raminsa akwai taƙi guda. Serikbay kuwa ya san uban ango ba ya manta magana. Sholpan ta zare kwat ɗin, ta miƙa masa chapan, doguwar rigar nan ta dattawa marar maɓalli, ta fita abinta.

A zauren biki uban ango ya tarbe shi, ya dubi rigar sama da ƙasa, ya ce babu laifi, ai kwat ɗin ta riga shi isowa. Serikbay ya waiga. Ga Amantay a teburin manya, kumatu sun ciko, kayansa duk sun yi masa kaɗan, Sholpan ta ara masa kwat. Maɓalli uku a rufe, kamar don shi aka ɗinka.

Amantay ya miƙe da kofi a gaban mutum ɗari uku.

"Shekara goma asibiti na nema mini ƙiba, sun kasa. Likitana ga shi can, kwana arba'in ya gama. Seke, gobe ƙarfe nawa?"