Kajin da Na Dafa da Zoɓo

Ko da zan manta da sunana, ba zan manta da bikin ƙanwata a Ajingi ba. A lokacin kaina cike yake da mafarkin buɗe gidan abinci a Kano. Ina daka a gidanmu na Gaya, amma zuciyata tana can cikin farar riga, ana jera mini farantai masu ƙyalli.

Gwaggo, yayar babanmu, ta damƙa mini kajin da za a kai wa dangin ango. Ta ce idan na fita kunya, girkin duk wani biki na dangi ya zama nawa.

To, na taɓa ganin wata Baturiya a waya tana tsiyaya wata giya mai zaƙi, ruwan hoda, a kan kaza, tana cewa a ƙasarsu har doka aka kafa kan sukarin da ake sa mata. Giya kam Allah ya tsare ni. Amma launin nan ya hana ni sakat. Na ce ai zoɓo ma haka yake. (A ranar sai da na yi wa kaina kirari.)

Tun ana saura kwanaki na dafa zoɓo, na labta masa sukari da abarba, na toshe jarka, na ajiye a ɗakin kwano, ga zafin bazara. Ranar biki na buɗe, ya yi tsiii, kumfa ta taso. Abin ya ba ni sha'awa ma. Na tuttula a tukunya ina lumshe ido, kaji suka fito jajur gwanin kyau, aka kai zaure.

Ina zaune ina jiran yabo sai ga Gwaggo da kwanon kajin a hannu, ko cinya ba a taɓa ba. Ashe kawun ango, tsohon direban tirela da ya sha zuwa Kudu, yana buɗewa ya rufe, ya ce wannan warin ya san shi, kuma ba a gidan Musulmi ba.

"Ke, yaushe kika sa wa zoɓon nan sukari?" in ji Gwaggo, a gaban mata cike da tsakar gida.

"Tun Talata, Gwaggo."

"Innalillahi! Ai sai ranar sha ake sawa. Giya kika haɗa mana, 'yar nan!"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na yi kuka, ƙanwata amarya ma ta taya ni, dangin ango kuwa da shinkafa da wake aka sallame su.

Yanzu duk bikin dangi yankan albasa ne aikina. Abin da na koya shi ne, duk abin da ya yi kumfa ba ka sa masa sabulu ba, kira babba ya shinshina tukuna.