Lamba Biyu a Filin Kokawa

Ko da na so in manta da wannan rana, mutanen Filinge ba za su bar ni ba, don haka gara in ba da labarin da bakina. Abubuwa uku ne ke hannun Allah a ranar. Na farko, wani jan sa mai tozo da aka sa wa duk wanda ya yi kaye na ƙarshe a kokawar kaka. Na biyu, sunan Idi, ƙanin matata, wanda ya shekara biyu bayansa bai taɓa ƙasa ba. Na uku, jikka huɗu na sefa da nake gudun kada su kuɓuce mini. Ba sai na faɗa maka wanda na fi tsarewa a cikin ukun ba.

Ni ɗan kasuwa ne, kuma ba gadon kasuwancin na yi ba. Da tire na fara, ina yawo da batir da kasat a kasuwar Balayara, rana na dukan ƙeyata. Daga tire na koma tebur, daga tebur na kama butik, wato shago, a bakin kasuwar Filinge. Ba wanda ya ba ni ko dala. Da kyamarori marasa fim suka shigo, ni na fara gane cewa ribar ba ta cikin kyamarar, tana cikin ɗan katin nan da ake zura mata a ciki, wanda muke ce wa memuwar. Kyamara sau ɗaya mutum ke saye. Kati kuwa ya cika, ya ɓace, yara su tauna, a dawo wurina.

Lokacin sojoji ne ke riƙe da mulki, ana shirin komawa zaɓe, kowa na neman hoton katin shaida. Masu ɗaukar hoto suka yi yawa a gari, har daga Sanam ake zuwa butik ɗina. Ni kuma ba na sayar da kati haka kawai, sai na haɗa wa mutum da karatu (kyauta ne, amma ba a tsallake shi). Nakan ɗaga katin in ce akwai lamba biyu a jikinsa. Babbar, mai giga, girman rumbu ce. Ƙaramar da ke cikin ɗan zobe kuwa faɗin ƙofar rumbun ce. In zoben ya ce goma, dame na shiga a guje. In ya ce biyu, komai girman rumbun sai an tsaya layi a bakin ƙofa, kyamara ta kunna jar wuta, ta ƙi ɗaukar komai sai ta gama zuba abin da ke hannunta.

Wanda ya fi shan wannan karatu shi ne Baba Sale, tsohon mai hoto da ya fara sana'ar tun zamanin da ake shiga cikin baƙin ƙyalle. Duk zuwan da zai yi sai ya ɗauki mai araha, ni kuma in ƙwace.

"Baba, wanga ba naka ba ne. Na masu ɗaukar bango ne, abin da ba ya motsi."

"Kai ɗana, ni da nike sa mutum ya tsaya cik har in ƙirga uku, mi zan yi da gudu?"

"Wata rana za ka so ɗaukar wanda ba ya jin ƙirga."

Yakan yi tsaki ya biya kuɗin mai tsadar, yana cewa bakina ya fi kayana kyau. Ni kuwa in ji daɗi, don na san gaskiya na faɗa masa.

To, aka gama girbin hatsi, aka sa ranar kokawa, 'yan Tondikandiya za su zo da nasu gwanin, wani Bazabarme ɗan Damana mai wuya kamar turmi. Idi ya biyo ta butik ya jingina da kanta.

"Yaya, ina son hoto guda. Lokacin da ƙafafunshi ke sama. In manna shi a zaure, duk wanda ya zo gaisuwa ya fara gaida shi."

Na ce masa ya ɗauka an yi. Da na tsaya nan da ba komai. Amma sai na je majalisar shayi na bayyana wa jama'a cewa kyamarata tana ɗaukar hoto bi da bi in na danne maɓallin, ko ƙuda ya gifta sai na nuna maka fukafukinsa na hagu. Magana ta yi tafiya. Ranar kokawa masu shirya wasa suka ajiye mini kujera a cikin da'ira, kusa da alƙali, mai shela ya ɗauki lasifika ya sanar da cewa bana ba gardama, don ga na'ura ta zo. Na ɗaga hannu na gaida jama'a kamar wani ɗan takara.

Amma bari in koma safiyar ranar, don a can na yi wa kaina aikin. Na buɗe butik in ɗauki kati. Ga mai giga takwas, lamba goma, a rufe cikin kwalinsa. Ga kuma wani mai giga sha shida, lamba biyu, wanda kwalinsa ya riga ya yage tun a mota daga Yamai, ba wanda ke son sa. Na tsaya ina lissafi. In na fasa kwalin mai kyau, ya zama tsohon kaya, sai na sauke jikka huɗu kafin ya shiga. Wancan kuwa yana zaune ba ya yi mini komai, ga shi ya ninka girma. Na ce wa kaina ai wuni ɗaya ne, kuma hannun gwani ne zai riƙe. (Duk karatun da nake yi wa mutane yana cikin kaina a lokacin, kalma bayan kalma. Na dai ɗauka don su aka yi shi.) Na zura lamba biyu na rufe.

Da farko komai ya tafi daidai. Na ɗauki makaɗa, na ɗauki masu kirari, na ɗauki jan san nan yana tuƙa a inuwa, na ɗauki manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya ce in jira ya gyara hula. Duk waɗannan ba sa gudu. Katin ya yi ta haɗiya, ni kuma ina ta yaba wa wayona.

Bayan la'asar aka zo karon ƙarshe. Idi ya fito, ɗan Damana ya fito da layu har gwiwar hannu, malaminsa na biye yana tofa masa addu'a a tafi. Suka durƙusa, suka ɗebi rairayi, suka yi ta zagayen juna. Da suka sarƙe, sai zuciyata ta riga hankalina. Na danne maɓalli na riƙe. Kyamara ta yi ta ƙyas-ƙyas-ƙyas tana ɗaukar mutum biyu da ke tsaye suna nishi. Can sai ta yi shiru. Na duba, ga jar wutar nan tana ƙyaftawa.

A daidai nan Idi ya sa masa ƙafa.

Na danna, na sake dannawa, har yatsana ya yi zafi. Da idona na ga sun tafi ƙasa tare, amma rabin idon yana kan jar wuta, don haka ban san wanda ya riga ba. Filin ya rabu biyu. Namu na rantsuwa kafaɗar ɗan Damana ce ta fara taɓa ƙasa, nasu na cewa Idi ne ya fara zama. Alƙali ya ɗaga hannu, aka yi tsit, ya juyo ya nufo ni. Bayansa ga masu shirya wasa, ga malamin ɗan Damana, ga Idi da rairayi a gashi yana murmushi, don ya san yayansa na nan.

"Alhaji, nuna muna."

Na kunna allo. Na fara daga baya ina dawowa, ina fatan abin da na san babu. Ga su a tsaye. Ga su a tsaye. Ga su a tsaye, kan Idi ya ɗan karkata. Sun fi goma, duka a tsaye. Na gaba kuwa, wanda kyamara ta yarda ta ɗauka bayan ta gama hidimarta, sararin sama ne da gwiwar hannun alƙali.

"Wuce gaba," in ji Idi.

"Babu gaba."

 Sai wani daga cikin namu ya ce, "Layun nan ne. Sun ɗaure na'ura." Nan take magana ta kama. Wani ya ce shi ya ga lokacin da malamin ya tofa wajen kujerata. Wata tsohuwa ta ce dama ƙarfen Nasara ba ya ganin abin da aka rufe. Malamin ɗan Damana bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai dai ya gyara rawani ya ɗan ƙara tsawo. Har 'yan garinsu suka fara yi masa kallon girma.

Ka ga an buɗe mini ƙofa. Abin da ya rage mini kawai in girgiza kai in ce Allah ya kyauta, in tafi gida a matsayin wanda aka zalunta. Kuma wallahi na fara girgiza kan. Sai idona ya faɗa kan Baba Sale. Yana tsaye gefe da tsohuwar jakarsa, inda jar wutar ta yi ta ƙyaftawa kawai yake kallo, sannan ya kalle ni. Shi kaɗai a filin nan ya san ma'anarta, kuma ni na koya masa.

Na buɗe murfin, na zaro katin, na ɗaga shi sama.

"Ba laya ba ce. Malam bai yi mini komai ba. Ku dibi zoben nan. Lamba biyu ce. Mai kyau yana butik cikin kwali, na ƙi buɗe shi don kada in yi hasarar jikka huɗu."

Mai shela, Allah ya saka masa, bai bar na baya cikin duhu ba. Ya maimaita a lasifika, da Hausa, sannan da Zabarmanci. Dariyar ta fara daga ɓangaren baƙi ta zagayo har wurin namu. Baba Sale ya matso ya karɓi katin, ya nisanta shi da ido yana dubawa.

"Ɗana, wanga ai na masu ɗaukar bango ne."

Alƙali ya ce tunda ba shaida, a sake. Na karɓi katina na mayar cikin kyamara. Idi ya riga ya zuba ƙarfinsa duka a karon farko, kuma ina jin rabin zuciyarsa ta tsaya a allon kyamarata. Ba a daɗe ba ɗan Damana ya ɗaga shi ya shimfiɗa. Wannan kam na same shi, tsaf, ƙafafu a sama, don sau ɗaya na danna. Har yau ban nuna wa kowa ba.

Aka kwance jan san aka nufi Damana da shi. A gida matata ta ajiye mini tuwo ta ce in ci a hankali, kada in cika baki ya tsaya. Washegari na je gidan surukai na durƙusa gaban mahaifinsu na faɗi abin da na yi, ban rage ba. Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Kai dai ba ka iya ƙarya ba, shi ya sa muka ba ka ɗiya. Amma rowa ka iya." Idi kuwa ya yi wata guda in ya gan ni sai ya tsaya cik, ya ƙyafta ido ɗaya, ya ce yana zuba hoto, in jira. Ranar kasuwar Balayara na je na sayo maraƙi ja na ɗaure masa a ƙofar gida. Bai roƙa ba, ba kuma wanda ya ce in yi. Ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Yaya, wanga lamba nawa ne?" Daga ranar muka shirya.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne, labarin ya yi mini tallar da bakina bai taɓa yi ba. Mutumin da bai san harafi ko ɗaya ba sai ya shigo butik ya ce a nuna masa zobe. Masu hoto daga ƙauyuka suka daina sayen kati a hannun 'yan yawo, suna cewa gara su je wurin wanda ya tona wa kansa asiri a lasifika. Masu sauri da suka yi watanni a rataye duk suka ƙare, na sake odar wasu. Masu lamba biyu ban daina sayar da su ba, amma sai na tambayi mutum abin da zai ɗauka, yana motsi ko ba ya motsi.

Ga dai lissafin yadda ya tsaya. Na tsirar da jikka huɗu. Na sayi maraƙi. Idi ya rasa jan sa, ya rasa hoton zaure, wanda shi ba a sayen sa a kasuwa. Ni kuma na samu suna biyu: a gaban idona Alhaji mai gaskiya, a bayan idona Lamba Biyu, kuma na biyun ya fi tafiya. In ka haɗa ka cire, ban faɗi ba. Sai dai tun daga ranar, duk shawarar da na ba mai saye, nakan juya in tambayi mai butik, wato ni kaina, ko shi ma ya ji.