Bindigar Yaya Nomau da Shinkafar Sallau

Yayana Nomau ba mahaukaci ba ne, wannan nake so a fara sani. Yana da matarsa Marka, da 'ya'ya uku, da jaki guda, kuma duk Dogon Marke ba wanda zai ce ya taɓa cutarsa. Abu ɗaya ne da shi: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Marka ta taɓa ce masa ya kai awaki rafi. Ya kai su, ya tsaya da su a bakin ruwa ya riƙe igiya gam, sannan ya dawo da su suna haki. Da ta tambaye shi ko sun sha, sai ya ce, "Kin ce su sha?"

Ni ce ƙanwarsa, autar gidanmu, Hansai. Mijina Sallau ya rasu a farkon damina, kwana shida bayan ya gama shuka shinkafa a fadama. Zazzaɓin kwana uku ne. Ya bar ni da 'yan mata biyu ƙanana da wannan gona, ba wani abu kuma. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita, danginsa kuwa suna can nesa. Yaya Nomau ne ya yi noma ya yi maimai, kuma ya yi da kyau, don ciyawa ba ta bukatar dogon bayani. Sai da shinkafa ta fara nono, tsuntsayen jan-baki suka sauko fadama kamar hayaƙi, sannan hankalina ya tashi. Idan suka shanye ta, ni da 'ya'yana sai dai mu ci a hannun mutane har wata shekara.

Na sa aka sayar da akuyata, na aika aka kira Baba Jatau, tsohon maharbin garinmu. Suka zauna a zaure shi da Yaya, ni ina bayan ƙyaure ina ji.

"Bindigar iska za ka sayo," in ji Baba Jatau. "Tsuntsu ba ya bari a matso shi, saboda haka mai kaiwa nesa ake so. Iri biyu ce. Mai babban baki tana da duka, amma ƙwayarta nauyi gare ta, kafin ta yi nisa ta sunkuya ƙasa. Mai ƙaramin baki ita ce ƙwayarta ke tafiya a miƙe." Ya laluba aljihu ya fito da ƙwayar dawa guda. "Ungo. Wadda wannan ƙwayar ta cika bakinta daidai, ita za ka ɗauko."

Wata rana, ranar kasuwar birni, Yaya ya ƙulle ƙwayar dawarsa a bakin riga ya tafi. Ya sami rumfar wani Mamuda mai sayar da kayan farauta, ya yi sallama, ya kwance ƙulli. Bindigar farko da ya ɗauka mai babban baki ce, an lanƙwasa ta a tsakiya yadda ake yi in za a ɗura mata ƙwaya. Yana jefa dawar ta zurare ta faɗi ƙasa, wata kaza da ke kiwo a gindin rumfa ta tsince. Mamuda ya yi dariya ya ce, "Bawan Allah, ga masu hatsi can, a ba ka cikin tafi ma kyauta." Yaya ya girgiza kai. "Baba cewa ya yi wannan ƙwayar." Ya bi kaza har layin masu tukwane, ta shige ƙarƙashin mota, ya tsuguna yana jiranta har rana ta karkata. Ya dawo hannu wofi, ya tsaya a zaure ya ce mini, "Hansai, ma'aunin yana cikin kaza." Kasuwar kuwa sai mako. Mako guda tsuntsaye suna biki a gonar Sallau.

Wata rana, da kasuwa ta zagayo, Baba Jatau ya cika masa aljihu da dawa ya ce kowace ƙwaya ta yi, ya ƙara da cewa, "Kada ka biya sai ka gwada ta daga nesa." Yaya ya je, ya auna, ya sami mai ƙaramin baki, har da ɗan madubin hange a kanta. Sai ya saɓa ta a kafaɗa ya juya ya miƙi hanya. Mamuda ya ce, "Malam!" Yaya bai waiwaya ba. Ya wuce masu tattasai, ya wuce 'yan gwanjo. Mamuda ya kwarma ihu, "Ɓarawo!" Yaya ya ji, ya ƙara sauri don ya ba ɓarawon hanya. A bakin tasha aka cim masa, mutum wajen ashirin, wani har ya ɗaga itace.

"Ina za ka da kayan mutane?"

"Nesa," in ji Yaya. "An ce in gwada ta daga nesa, ni kuwa har yanzu ina hango rumfarsa."

Allah ya sa direban garinmu yana wurin, ya rantse musu ya san shi tun yana goyo. Mamuda ya zauna a kan benci ya yi dariya har da hawaye, ya karɓi kuɗinsa, ya ƙara masa gwangwanin ƙwaya guda kyauta. Da za su rabu ya ce, "Abu ɗaya, don Allah. Kada ka taɓa nuna bakinta inda mutum yake." To a mota, gaba mutum, baya mutum, gefe mutum, a sama kuma kwandasta na zaune kan kaya, a ƙasa ga ƙafafun jama'a. Yaya ya duba ko'ina ya sauko. A ƙafa ya dawo, ta cikin gonaki, yana juya bindiga duk sa'ad da ya hango hula. Ya iso ana kiran magariba, ƙaya ta yayyaga masa wando.

Wata rana da sassafe ya shiga fadama da bindigarsa. Maƙwabcin gonarmu Ilu ne ya ba Marka labari, ita kuma ta kawo mini, don Ilu ba ya iya riƙe abin dariya. Tsuntsaye suka sauka a gaban Yaya, kusa ƙwarai, har yana jin ƙarar bakinsu a kan zangarniya. Ya ɗaga bindiga, sai ya tuna ta nesa ce. Ya ja da baya. Wasu suka sauka kusa da inda ya koma, ya sake ja da baya. Haka ya yi ta ja har ya fita daga gona, ya tsallake kunyar Ilu, ya faɗa kududdufi har ƙugu, hannu a sama don kada bindiga ta jiƙe.

"Sannu da harbi, sarkin baka!" in ji Ilu. "Nawa ka kayar?"

"Ba su tsaya inda ya kamata ba," in ji Yaya. "Ni na nisanta, su suka ƙi."

Da ya fito ya sami nisan da ya gamsar da shi, sai ya ga ba ya hango ko gonar, balle tsuntsu.

Wata rana Baba Jatau ya ji tausayina ya ɗauki sandarsa ya bi shi fadama. Ya koya masa yadda ake kafa gwiwa, da yadda ake kwantar da kumatu a kan ƙotar bindiga, ya ce, "Idan ka auna, ka riƙe numfashi har sai ka harba, don numfashi ke girgiza hannu." Ya koma inuwa ya zauna. Yaya ya auna wani tsuntsu a kan kara, ya riƙe numfashi, tsuntsu ya tashi. To bai harba ba, saboda haka bai saki ba. Ya nemi wani, shi ma ya tashi. Baba Jatau yana ɓare goro sai ya ji tim. Ya tarar da shi kwance, ido ya juye, bindiga a ƙirji bakinta na kallon sama. Ilu ya kwarara masa ruwan buta. Yana farfaɗowa abin da ya fara cewa shi ne, "Baba, na numfasa ban harba ba. Ka yi haƙuri."

Ranar Baba Jatau ya zo zaure ya ce mini, "'Yata, ki dogara ga Allah. Yayanki zai kashe kansa kafin ya kashe tsuntsu." Sannan ya juya ga Yaya a fusace. "Kai Nomau, saurara. Ka sami gwangwanin tumatir ka rataye a gona, inda ba mutane. Ka ƙirga taku hamsin ka tsaya. Kada ka ƙara auna tsuntsu sai ka sami gwangwanin nan sau goma a jere. In ka kuskure ko ɗaya, ka koma farko. Kuma ka riƙa numfashi!" Ni na san don ya raba shi da wahala ya faɗa. Na shiga ɗaki na zauna kusa da buhunan da Sallau ya wanke ya ninke tun rani don wannan shinkafa, na yi kukan da ban yi ba tun ranar sadakar bakwai.

Daga ranar Yaya ya kafa gora a tsakiyar gona ya rataye gwangwani. Tun asuba yake fita, sai faɗuwar rana. Marka ke kai masa abinci, ita ke ba direba saƙon ƙwaya duk ranar kasuwa. Kullum da yamma sai ya tsaya a zaure ya ba ni rahoto. "Yau uku a jere." "Yau biyar, sai iska ta ture ta shida." "Yau takwas, sai na yi atishawa." In na tambaye shi tsuntsaye fa, sai ya ce, "Ban duba su ba, ba a ce in duba ba." Ilu kuwa da danƙonsa na harbin tsuntsu yake wuni, kullum sai ya ratsa ta ƙofar gidanmu da jan-baki a tsire a kara, yana ɗaga murya, "A gaida sarkin baka, a ce masa gwangwanin ya ishe shi miya!" Na daina tambaya. Na fara tunanin gidan da zan nemi aikin surfe.

Wata rana takabata ta cika. Na yi wanka, na sa tufafin da aka ɗinka mini, mata suka zo aka yi addu'a. Da suka watse ban nufi gidan kowa ba, fadama na nufa, don in ga abin da ya rage da idona in huta.

Gonar Ilu na fara ratsawa. Zangarniya a tsaye fari fat, ba nauyi, tsuntsaye sun tsotse. Shi kuma yana can ƙarshe yana ɗana danƙo, in ya kayar da ɗaya dubu na ci a bayansa. Sai na ji ƙwal! Wani baƙin garke da ya taso zai sauka a gonarmu ya yi sama, ya karkata, ya zube a ta Ilu. Na ƙarasa. Shinkafar Sallau ta sunkuya da nauyi, ta fara ja, gefen kududdufi kaɗai aka taɓa tun farko. A tsakiyarta ga gora, gwangwanaye sun fi ashirin a jikinta duk sun zama rariya. Duk wanda ya huje sai Yaya ya rataya sabo a kusa, bai cire tsoho ba tunda ba a ce ya cire ba. In ƙwaya ta sami ɗaya sai duk su ɗauki kuka, in iska ta kaɗa su yi ta karo da juna.

Yaya yana tsugune a kan kunya, ya rame, ya yi baƙi. Da ya gan ni ya sauke bindiga ya juya bakinta gefe.

"Hansai, kin fito? Allah ya jiƙan Sallau." Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini. Akuyarki ta tafi, ko tsuntsu ɗaya ban kashe miki ba."

Na kama zangarniya ɗaya na murza a tafina, ƙwaya cike.

"Amma ki tsaya ki gani," in ji shi. "Tara ke nan a jere, kuma yau ba iska. Ina samun wannan na gama da gwangwani, gobe in shiga bin tsuntsaye."

Na dubi shinkafar. Saura kwana goma a yanke ta. Na tuna kududdufi; in ya koma bin tsuntsaye, gwangwani zai daina ƙara, jan-baki su dawo. Ya riga ya kwantar da kumatu a kan ƙota.

"Yaya!"

Ya ɗago.

"Baba Jatau goma ya ce. Amma bindigar da akuyata aka saye ta, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To ni ɗari na ce."

Ya yi lissafi da yatsu. "A jere?"

"A jere."

"To," in ji shi. "Da wannan taran, ko in koma farko?"

"Koma farko, Yaya."

Ya gyara zama, ya auna, ƙwal! Ya ce, "Ɗaya."

Ranar da aka yanke shinkafa yana kan sittin da huɗu. Da masu yanka suka shiga gona ya sauke bindiga, don sun tsaya tsakaninsa da gora. Na dafa ta farko na yi wa Sallau sadaka, na aika wa Ilu kwano guda, na zuba wa Yaya nasa da hannuna. Ya ci ya side, ya ce in rubuta masa sittin da huɗu a takarda in ajiye, kada ya manta kafin baɗi.