Yadda Za Ka Shekara Huɗu Kana Zaɓen Kwamfuresa

In ka bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari za ka yi shekara huɗu cur kana zaɓen kwamfuresa, injin nan mai tara iska a tanki, ba tare da ka saya ba, kuma ba mai ƙwace maka ɗakinka. An gwada hanyar. A wurin mijin yayata na koya, wanda muke kira Injiniya, ko da yake shekara talatin ya yi yana buga hatimi a ofis har ya yi ritaya.

1. Riga kowa kama ɗakin

Kowane gida akwai ɗan ɗakin baya da matar gida ta sa wa ido. Yaya ta so ta kai kekunan ɗinkinta biyu ciki, don ta gaji da yanka yadi a kan gado. Injiniya ya riga ta. Ya shigar da kujera da fanka da rediyo, ya rataya guduma da zarto a bango, ya ce wurin aiki ne. Kai ma yi haka. Ka nemi zarto mai ɗan tsatsa, sabo yana tona asiri.

2. Ɗora komai a kan injin da babu

Duk aikin da aka kawo maka, amsarsa ɗaya ce.

"Malam, yaushe za a yi wa get ɗin nan fenti?" in ji Yaya. "Ya koɗe har kunya nake ji."

"Da burushi? A gidana? Bari injin ya iso, feshi za a yi."

Ka lura, bai ce ba zai yi ba. Mutumin kirki ba ya ƙin aiki, kayan aiki yake jira.

3. Je shago da littafi da biro

Tambayi mai shago lita nawa tankin yake ci. In ya nuna maka ƙarami, ka ce ba zai riƙe iska ba, ana cikin feshi zai tsaya yana haki. In ya nuna babba, ka ce wutar gida ba za ta ɗauka ba. Mai amfani da mai ya fi daɗewa, amma yana iya ɓata fenti. Wanda ba ya son mai kuwa ƙararsa za ta haɗa ka faɗa da maƙwabta. Duk wannan gaskiya ne, shi ya sa ba mai iya kama ka. Ka girgiza kai, ka rubuta, ka ce za ka dawo.

4. Yi abota da mai faci

Zauna a bencinsa, ka ɗora tafin hannu a kan tankinsa, ka lumshe ido kamar likita.

"Kana tsiyaye ruwan da ke taruwa a gindin tankin nan kuwa?" Haka Injiniya yake tambaya duk Laraba.

"Baba, shekara uku ke nan kana yi mini wannan tambaya," in ji mai faci. "In saya za ka yi, ka saya mana."

Kada ka tanka. Rubuta wani abu a littafi.

5. Kada ka rage wa matarka hanya

A nan Injiniya ya yi sake. Yaya ta ce zare za ta saya, ya ɗauke ta a mota, ta bi shi har cikin shagon kwamfuresa. Yana buɗe littafi ta riga shi magana.

"Get ɗaya, kabad biyu, sai tayar mota in ta sace. Wanne zai yi?"

Mai shago ya nuna wani matsakaici.

"In ya lalace akwai kayan gyaransa?"

"Akwai, Hajiya."

"A sa a but."

Binciken shekara huɗu ya ƙare a minti goma.

6. In injin ya iso duk da haka

Ranar Asabar maƙwabta suka fito kallo, don duk layin ya san labarin injin nan. Injiniya ya jujjuya kan feshin a hannu, ya ce ya manta wani abu, ya shige ɗaki. Da ya daɗe Yaya ta bi shi, ta tarar yana zaune a kujera ya zuba wa bango ido.

"Ban iya ba," in ji shi. "Tun da na bar aiki, nan kaɗai nake shiga in ji kamar ana jirana da wani abu."

Daga baya ta ce mini ranar ya ba ta tausayi ƙwarai.

"Na sani, Malam. Ka taɓa buga ƙusa ta tsaya a gidan nan? Mai shago ya nuna mini yadda ake yi. Ni zan fesa, kai ka tsaya a kan agogon iskar, in allura ta sauka ka faɗa."

Abin da maƙwabta suka gani shi ne Injiniya tsaye, hannu a baya, yana cewa, "Dakata. To, ci gaba." Washegari kekunan ɗinki suka shiga ɗakin. An matsar da kujerarsa kusurwa, amma an bar masa fanka.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk get ɗin da ya yi tsatsa, ko ɗakin da aka rasa, ko asirin da ya tonu a gaban iyali. Wanda ya bi shawarar nan shi ya jiyo. Abu ɗaya nake roƙo: kada a kai wa matata wannan takarda, ni yanzu na shiga shekara ta biyu.