Hannun Surukina na Hagu

Ba zan taɓa mantawa da hannun surukina na hagu ba, kuma ina kyautata zaton shi ma hannun bai manta da ni ba.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya, irin karatun nan da ake gamawa a yi aiki a ƙananan asibitocin karkara. Ni ba likita ba ce, ba ma nas ba ce, amma ku je ku faɗa wa mutanen unguwarmu a Gaya. Tun ranar da na fara sa farin hijabi da farin takalmi na zama "Likita", ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. (Har tafiyata sai da ta canza.)

Da aka zo rabon wuraren firaktikal, sai aka tura ni wani ɗan asibiti a yankin Ajingi. Ƙa'idar ita ce, a ƙarshen zango malama za ta zo daga makaranta ta tsaya a kanki, ta ga yadda kike karɓar marar lafiya tun daga kiran suna har awon jini. In ta gamsu kin wuce, in ba ta gamsu ba ki maimaita. Ni kuwa an riga an sa ranar aurena da Nura bayan kaka, kuma Babanmu ya ce ba ɗaurin aure sai na gama. Nura malamin firamare ne, ɗan Toranke, Toranke kuma ba nisa da asibitin. Na san da haka sarai, amma a raina na ɗauka dangin miji ba sa ciwo.

Ranar jarrabawar aka turo Malama Hadiza, wata doguwar mata mai tabarau wadda ba wanda ya taɓa ganin haƙoranta. Damina ce, bencin jira cike da manoma masu ciwon baya da zazzaɓi. Mutanen farko na sallame su lafiya lau, har da ɗan iyayi. Sai na ɗauki kati na gaba, na ga sunan mahaifin Nura.

A gidanmu mace ba ta kama sunan suruki. Innarmu har kakanmu ya rasu ba ta taɓa faɗar sunansa ba. Ko maƙwabci ne mai irin sunan, sai ta ce "mai sunan Malam". A haka na tashi. Shi kuwa wannan bawan Allah na san fuskarsa a wayar Nura, na kuma taɓa hango shi a kasuwar Gaya na ɓuya bayan adaidaita. Na ɗaga kai a hankali, ga shi can ƙarshen benci. Shi ma ya gane ni, domin nan take ya shiga nazarin rufin kwano.

"Kira mana," in ji Malama Hadiza.

Na buɗe baki, sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya. Da kyar na ce, "Baba."

Duk tsofaffin bencin suka miƙe. Shi kaɗai bai motsa ba.

"Wane Baban a ciki, 'yan mata?" in ji wani mai goro a baki. "Ni dai tun hantsi nake nan."

"Baban Toranke," na ce. Rabi suka zauna, rabi suna tsaye.

Malama ta kalle ni ta saman tabarau. "Katin ba suna ne, ko karatun ne ya gagara?" Ta fizge shi ta rangaɗa sunan, cikakke, har da na kakan. Ji na yi kamar ni na faɗa.

Ya shigo ya zauna a kujera. Ni kuwa gwiwoyina ba su nemi shawarata ba, sai ganina na yi durƙushe a ƙasa da farin kayana. "Ina kwana, Baba." Ya ce wa bango, "Lafiya lau. Ya mutanen gida?" Na ce wa siminti, "Suna lafiya." Malama ta ce in tashi in tambaye shi abin da ke damunsa. Na tambayi ƙafar tebur, shi kuma ya shaida wa kalanda cewa ciwon kai ne, da jiri in ya sunkuya noma.

Saura awon jini. Ga wanda bai sani ba, aikin ba wuya: ki ɗaura maɗauri a damtse, ki sa abin saurare a kunne, ki matsa 'yar robar iska idonki na kan agogon, in ya kai inda ake so ki tsaya ki saki iskar a hankali. Na yi wa Innarmu, na yi wa maƙwabta, har mai kawo mana ruwa bai tsira ba. Matsalar ita ce agogon namu a jikin maɗaurin yake, dab da gemun mutum. In zan kalle shi, sai na kalli surukina.

Saboda haka na ɗaura masa a hannun hagu, na ja hijabi, na juya fuska wajen ƙofa, na fara matsawa. Daidai lokacin shugabar asibitin ta leƙo tana yi wa Malama magana, hankalinta ya koma can. Ni kuwa ina ta matsawa. Ina tunanin ko ya lura da janbakina. Ina tunanin abin da zai faɗa wa Innar Nura. (Abin sauraren yana rataye a wuyana, ban ma sa shi a kunne ba.) Robar ta yi tauri, na ƙara hannu na biyu. Shi kuma bai ce uffan ba, don dattijo ba ya kuka a gaban amaryar ɗansa. Abin da kawai na ji shi ne wani siririn salati yana fita ta hanci.

Sai maɗaurin ya ɓalle da wata irin ƙara, kamar an yage sabon yadi.

Malama ta juyo. Yatsun mutumin sun kumbura, jijiyoyi sun tashi, gumi ya jiƙa masa hula. "Ke! Hannun za ki cire masa? Malam, ba ka ji zafi ba?"

"A'a, Hajiya," ya ce, yana murza yatsu. "Ai ta iya aiki. Na ɗauka haka na zamanin yake."

"Wai kin san shi ne?"

Kafin in yi ƙarya, mai goron nan ya sako kai ta taga. "Ai surukarsa ce, Hajiya. Ita za a kawo wa Nura bayan kaka."

Bencin ya kwashe da dariya. Ranar na ga haƙoran Malama Hadiza, duka, har na ciki. Ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido, sannan ta mayar da shi ta kayar da ni a jarrabawar. Ta auna shi da kanta a ɗaya hannun, ta ce jininsa ya hau, sai dai ba ta san nawa ne na ciwo nawa ne nawa ba. Da ya fita ta ce, "Kunyarki ta burge ni. Amma mutumin nan jiri ya kawo shi, kuma da ke kaɗai ce a ɗakin nan, da ya koma gona ba a san me ke damunsa ba." Wannan maganar ta fi dariyar ciwo. Na shiga sito na yi kuka sosai.

Aka ɗaga biki. Nura ya kira ni yana dariya har da tari: "Baba na gaishe ki. Ya ce yarinyar akwai tarbiyya, akwai kuma ƙarfi. Ya kwana biyu bai riƙe fartanya ba."

Cikin zangon da na maimaita aka ce ya riƙa zuwa awo. Ranar da ya dawo, na ɗauki katin na kasa kiran sunan. Sai ya miƙe da kansa ya ce, "Ni ne." Ya zauna, ya ɓoye hannun hagu cikin babbar riga, ya miƙo na dama. Na kafa wa agogon nan ido, ga gemu dab da fuskata, na auna shi daidai. Ban mutu ba, shi ma bai mutu ba.

Na ci jarrabawa, an yi biki, yanzu aikin nake yi. Na koyi cewa in hannun mutum na cikin maɗaurina, ko na wane ne, agogo zan kalla, kunyar kuma ta jira ni a gida. Sunan ne dai har yau ban faɗa ba. Ɗana na fari ma shi aka sa masa, don haka ranar rigakafi, in katinsa ya zo hannuna, sai in ce "Abba", yaran bencin duk su waiwayo.